Tashar jirgin ƙasa ta Achimota: dogon da aka shimfiɗa don kaya, mutane suka ara

Duk mai shigowa Accra, babban birnin Ghana, da safe daga Amasaman ko Pokuase ya san halin hanyar. Tun daga Ofankor motoci sun cushe, yaron trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ya leƙo da rabin jikinsa ta taga yana kiran Circle, babbar mahaɗar titunan gari, fasinja kowa ido a kan agogon waya. Abin da ke ƙara ƙona rai shi ne can gefe, bayan shagunan kwantena da ɗakunan katako, ga layin dogo a miƙe har tsakiyar gari, mafi yawan lokaci ba mai bin sa sai masu tafiya a ƙasa da awaki. Layin ya biyo ta Dome ya shiga tashar Achimota, daga nan ya gangara ta Tesano da Alajo da Circle, ya tuƙe a babbar tasha da ke jikin kasuwar Kantamanto. To ga dogo, ga tasha, ga jama'a jingim, ina jirgin?

Amsar da ke bakin kowa ita ce gwamnati ba ta gyara. Haka ne, sai dai zancen bai ƙare a nan ba. Tun farko ba don kai ma'aikata da 'yan kasuwa wurin nema aka shimfiɗa wannan dogo ba, kuma kusan duk wahalar da fasinjan Achimota ke sha yau daga nan ta samo asali.

Turawan Ingila daga yamma suka fara, saboda zinariya. A 1898 aka soma aiki a Sekondi, dogo ya isa Tarkwa a 1901, ya shiga Kumasi a 1903. Accra kuwa, duk da cewa ita ce hedkwata tun 1877, sai da ta jira koko, wanda ake yin cakulan da shi. Bayan Tetteh Quarshie ya dasa irinsa a Mampong a 1879, manoman Akuapem suka riƙa sayen daji a ƙasar Akyem suna sarewa suna shukawa, har a 1911 ƙasar, wadda a lokacin ake kira Gold Coast, ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko. Matsalar ita ce kai shi bakin teku. Ƙudan tsando ba ya barin jaki ko doki su yi aiki a kurmi, don haka ko dai a ɗora wa 'yan dako a kai, ko a ɗura shi a manyan gangunan katako, ƙarti su yi ta mirginawa a kan turba na kwana da kwanaki. Wannan wahala ce ta kawo dogon gabas. An fara shi daga Accra a 1909, ya kai Nsawam a 1910, Koforidua a 1915, yaƙin duniya na farko ya taka masa birki, sai a 1923 zamanin Gwamna Guggisberg ya haɗe da Kumasi, tafiyar kilomita 300 da 'yan kai. Ko da buhunan suka sauka Accra ba su huta ba, domin garin ba shi da tashar da babban jirgin ruwa zai jingina. Masunta ne ke ɗaukar su a kwale-kwale daga Jamestown, su keta igiyar ruwa zuwa inda jirgin ya tsaya.

A wancan lokaci Achimota bayan gari ce, daji da 'yan ƙauyuka. Abin da ya fara ɗaga sunanta shi ne makarantar da aka buɗe a 1927, wadda Kwame Nkrumah ya yi karatu a cikinta. Ɗalibai daga Asante da arewa a jirgi suke zuwa, su sauka da akwatunansu na ƙarfe. Ban da su, aikin tashar shi ne jirgin kaya ya tsaya ya ba wani hanya.

Mu mutanen zango muna da namu rabo a tarihin nan, ko da yake dogon bai taɓa zuwa inda kakanninmu suka fito ba. Bai wuce Kumasi ba, har yau. An yi ta zancen kai shi arewa tun zamanin Guggisberg, zancen ya tsaya a takarda. Amma ya juya fataucin goro baki ɗaya. Goron da a da ayari ke ɗauka a kan jakuna ta Salaga, a yi watanni kafin a ga ganuwar Kano, sai ya koma bin jirgin ƙasa zuwa bakin teku, jirgin ruwa ya kai shi Legas, wani dogon ya haura da shi arewa. Alhassan Ɗantata, wanda ya zauna a Accra, yana cikin 'yan arewa na farko da suka kama wannan hanya ta ruwa. Duk inda jirgi ya saba tsayawa kuma zango ya yi ƙarfi, kamar na Adoagyiri a Nsawam da na Koforidua da na Nkawkaw, domin inda ake sauke kaya nan ake neman ɗan dako da mahauci da mai masauki.

Abin da ya mai da Achimota mahaɗa shi ma kaya ne. Da gwamnatin Nkrumah ta ƙudiri gina tashar jiragen ruwa a Tema, sai aka tsago reshe daga Achimota zuwa can a 1954, aka kuma ja wani zuwa duwatsun Shai don kwaso dutsen da aka datse teku da shi. A 1956 aka haɗa layin tsakiya, wanda ya tsago daga na yamma, da na gabas a Kotoku, ta yadda jirgi daga Takoradi zai iso Accra ba sai ya zagaya ta Kumasi ba. Tashar Tema ta buɗe a 1962. Wanda ya ɗauki taswira zai ga sawun wannan niyya ƙarara. Tema tana gabas da Accra, amma jirgin da zai je can sai ya fara nausawa arewa wajen Achimota, sannan ya karkata gabas ta Abelenkpe da Dzorwulu, ya bi ta bayan filin jirgin sama, ya ratsa Baatsona da Nungua, ya bi gaɓar teku ta Sakumono kafin ya shiga Tema. Ga buhun koko da ya taso daga Tafo, can kan layin gabas, zai fita waje, wannan ita ce hanya mafi sauƙi, tunda ba ya buƙatar shiga cikin gari. Ga ma'aikacin da ke kwana a Nungua yana aiki a Osu, zagaye ne. Su kuwa Nima da Maamobi da Madina, inda jama'armu suka fi yawa, dogon bai san da zamansu ba, sai mutum ya hau mota zuwa Circle ko Dzorwulu kafin ya gan shi.

Faɗuwar reluwe ba sai an ja ta da tsawo ba. Mota ta fara cin kasuwarsa tun shekarun 1920, har Turawa suka kafa doka a shekarun 1930 da ta hana manyan motoci ɗaukar koko a wasu hanyoyi don su kare jirgin. Bayan samun 'yanci aka zuba kuɗi a kwalta, babbar hanyar Accra zuwa Tema ta buɗe a 1965, tattalin arziki ya tabarbare a shekarun 1970, kayan gyara suka yi wuya. Zuwa farkon shekarun 2000 jirgin fasinja tsakanin Accra da Kumasi ya daina tafiya. Daga cikin dogon da ya kai kilomita 947 a faɗin ƙasar, abin da ya rage a hannun mutanen Accra guntaye biyu ne: na Nsawam, kimanin kilomita 40, da na Tema. Dukansu ta Achimota suke bi.

A daidai lokacin da jirgin ke mutuwa, garin ya taso ya haɗiye dogon. Ƙauyukan da jirgin koko ke wucewa ba ya ko tsayawa, su Dome da Ofankor da Pokuase da Amasaman, suka zama unguwannin da mutane ke kwana su shigo gari da safe. Ƙidayar 2021 ta nuna yankin Greater Accra na da mutum fiye da miliyan 5.4. Wato fasinjoji ne suka zo suka tarar da dogo, suka ari abin da aka yi don wani.

A lokutan da jirgin ke aiki, tashar na farkawa ne jim kaɗan bayan sallar asuba. Mai koko da ƙosai ta riga kowa kafa teburinta, mai waakye, wato shinkafa da wake, na biye. Ma'aikatan ofis da takalmansu a goge, 'yan makaranta, matan da za su saro kaya a kasuwar Agbogbloshie da manyan bahonsu a kife, samarin da ke sayar da gwanjo a Kantamanto suna sauri su isa kafin a kwance dila. A yanki tikiti a taga, ko a biya mai duba tikiti a cikin tarago. Jirgin Nsawam kan iso a cike, domin tun daga can an loda burodi da abarba, ga masu tallan da ke ratsa taragai da maganin gargajiya, ga mai wa'azin coci da ya samu jama'ar da ba su da hanyar gudu. Idan kujera ta ƙare a tsaya, idan tsayuwa ta ƙare matasa su maƙale a ƙofa. A inda titi ya haye dogo, ma'aikaci ne ke fitowa da jar tuta ya tare motoci. Daga Avenor zuwa Circle kuwa abin kallo ne: da an ji ƙarar jirgi daga nesa, mai tumatir ta janye tirenta, mai takalma ya naɗe buhun da ya baje kaya a kai, uwa ta fizgo yaro, jirgin ya wuce a hankali kamar zai goge rumfuna, bai gama wucewa ba kasuwa ta koma kan dogo.

Masu hawa suna son sa, kuma suna da hujja. Ya fi trotro araha, a 2019 sidi 5, kuɗin Ghana, ake biya daga Accra zuwa Tema, ba ruwansa da cunkoson Circle, kuma mai kaya ba ta rigima da yaron mota kan kuɗin baho. Sawu ɗaya na jirgi mai tarago shida na kwashe ɗaruruwan mutane, abin da trotro da yawa za su yi jerin gwano kafin su ɗauka. Sai dai sawun ke nan. Jirgin Tema ya taso da sassafe, ya yini a Accra, ya koma da yamma bayan an tashi aiki. Wanda ya makara da minti biyar ya rasa na ranar. Ma'aikaciyar asibiti mai aikin dare, da ɗan kasuwar da ya sayar da kayansa da azahar yana son komawa gida, ba su cikin lissafi. Shi ya sa za ka ji saurayi ya tsaya wurin mai koko yana tambaya, "Hajiya, yau akwai jirgi kuwa?" ta ce, "Ɗana, jiya dai ya zo." Mutumin da za a yanke wa albashi in ya makara ba zai ɗora aikinsa a kan wannan amsa ba, gara ya tashi ƙarfe huɗu ya bi trotro.

Me ya hana a ƙara sawu? Nan ne asalin dogon ke fitowa fili. Layi ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke bi. Kamar lungun nan ne na Nima da mata biyu masu kaya a ka ba sa iya giftawa, dole ɗaya ta raɓe a ƙofar wani gida har ɗayar ta wuce. Wurin raɓewar jirgi shi ne tasha mai layuka fiye da ɗaya, irin Achimota. A ƙa'idar reluwe ba a barin jirgi biyu su shiga tsakanin tashoshi biyu a lokaci guda, sai shugaban tasha ya tabbatar na farko ya fita kafin ya saki na biyu. A ɗauka, a misali, jirgi na cin minti 20 tsakanin wuraren giftawa biyu. Ke nan wanda ya nufi gari ba zai samu hanya ba sai bayan kowane minti 40, in komai ya tafi daidai. Idan dogon ya lalace har direba ya rage gudu, minti 20 ya zama 30, tazarar ta koma awa guda. Sannan daga Achimota zuwa Kantamanto jirgin Nsawam da na Tema a kan layi guda suke haɗuwa, a daidai sa'o'in da kowa ke son shiga gari. Buhun koko bai damu ba ko ya kwana a tasha. Fasinja kuwa abin da yake saye da kuɗinsa shi ne tabbacin cewa in ya rasa wannan, wani na tafe nan da ɗan lokaci.

Shi kansa dogon yana son kulawa kullum. Ƙarafunan a kan katakai suke, katakan a kan tsakuwa, tsakuwar ce ke tsane ruwa. Inda shara da yashi suka binne ta, ruwa ya kwanta, katako ya ruɓe, ƙarfe ya buɗe, sai jirgi ya sauka. Kuma daga Alajo zuwa Circle dogon a gefen rafin Odaw yake tafiya, rafin da kowace damina ke cika ya tumbatsa. Mutanen Accra ba su manta da daren 3 ga Yuni 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai a Circle suka kashe mutum fiye da 150. Ruwan da ke shiga ɗakunan mutane a wannan kwari shi ne ke kwance ƙasar da ke ƙarƙashin dogo.

Gwamnatoci sun taɓa, ba a ce ba su taɓa ba. Dokar reluwe ta 2008 ta kafa hukumar raya dogo, ta bar wa kamfanin reluwe tafiyar da jirage. A 2010 Shugaba Atta Mills ya ƙaddamar da sababbin jirage biyu daga China don layin Tema. A Oktoba 2017 jirgi ya sauka daga dogo a wajajen Tesano, aka rufe layin, aka canja katakai, aka sake buɗewa a Janairu 2019, annobar korona ta zo a 2020 ya sake tsayawa. Tun daga nan yau ya yi aiki gobe ya tsaya. Na Nsawam da aka dakatar don gyara bai koma zirga-zirgar da mutane suka saba da ita ba. A ganina wannan tsaye-tsaye ya fi tsufan dogon illa, domin duk lokacin da jirgi ya ɓace na shekara, fasinja ya nemi wata hanya ya saba da ita, mai rumfa kuma ya ƙara matsowa taku ɗaya.

Akwai kuma zancen kuɗi da ba a cika faɗa ba. Hedkwatar kamfanin reluwe a Takoradi take, babban garejinsa a Sekondi, abin da ya daɗe yana kawo masa kuɗi kuma shi ne dakon ma'adinin manganis daga Nsuta zuwa tashar jiragen ruwa. Tunda layin tsakiya ya mutu, na gabas kuma ya tsaya a Nsawam, jiragen Accra a yanke suke daga garejin da ya kamata ya duba su. Kuɗin tikiti ba ya sayen man dizal ya biya albashi ya kuma gyara dogo. Ba a Ghana kaɗai ba, a yawancin biranen duniya jirgin cikin gari da tallafin gwamnati yake rayuwa. A nan kuwa ma'aikatan kamfanin sun sha fitowa suna kukan albashin watanni da ba a biya su ba.

Masu zama a bakin dogo su ne aka fi saurin ɗora wa laifi, kuma an sha aiko da buldoza. Ba na musun haɗarin, yaro na wasa taku uku daga inda jirgi ke bi. Amma a tambaya me ya kai su can. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi kuɗin fiye da wata shida a gaba, a zahiri kuwa shekara biyu ake nema. Yarinyar da ta zo daga arewa tana dakon kaya a kasuwar Makola ba ta da wannan kuɗi, filin reluwe kuma shi ne fili ɗaya tilo a tsakiyar gari da ba a ga mai shi a tsaye. Kuma ba talaka kaɗai ya ci filin ba, akwai gine-ginen bulo masu hawa da shaguna da coci-coci da ba a gina su a ɓoye ba. Kasuwar Kantamanto kanta, wadda gobara ta cinye babban ɓangarenta a farkon Janairu 2025, a filin reluwe take.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne na 'yan albasa. A 2021 aka tashe su daga Agbogbloshie aka mai da su Adjen Kotoku. Yawancinsu namu ne, Hausawa da Zabarmawa masu sauke kaya daga Nijar da Najeriya da Bawku. Kukansu na farko shi ne nisa: matar da ke saye buhu ɗaya ta kasa a Kaneshie ko Nima yanzu sai ta yi doguwar tafiya a hanyar Nsawam, kuɗin mota ya cinye ribar. Alhali Kotoku a bakin wannan dogo take, ita ce mahaɗar da aka gina a 1956. Da jirgin Nsawam na tafiya ko sau huɗu ne a yini, da tarago ɗaya na kaya a bayansa, da buhun albasa ya sauka Achimota ko Circle ba tare da ya shiga cunkoson Pokuase ba. A wannan hanya dai aka sa manyan bas-bas da ake kira Aayalolo a 2016 daga Amasaman zuwa Tudu, aka gina gadar Pokuase mai hawa huɗu aka buɗe a 2021. An kashe kuɗi sosai don motoci su yi sauri a gefen dogon da ke kwance.

Kuɗin reluwe na 'yan shekarun nan wani wuri ya nufa. An kafa ma'aikatar raya dogo a 2017, aka mai da ita cikin ma'aikatar sufuri a 2025. An sa hannu kan yarjejeniyar jirgin da zai bi ta saman gadoji a Accra a 2019, ko ginshiƙi ɗaya ba a kafa ba. Wanda aka gama shi ne layin Tema zuwa Mpakadan, kilomita 97, da bashin bankin Indiya, aka buɗe shi a Nuwamba 2024, da jirage daga Poland. Ya bi ta Ashaiman da Afienya, kuma shi ma babbar manufarsa kaya ce, a haɗa tashar Tema da tafkin Volta. Faɗinsa milimita 1,435 ne, na tsohon dogon da ya bi ta Achimota kuwa 1,067. Saboda haka sabon jirgin ba zai iya hawa tsohon layi ba. Mutumin Afienya da ke son zuwa Circle sai ya sauka a Tema ya nemi tsohon jirgin, in ranar yana aiki.

Shirin da ke kan takarda shi ne a sake shimfiɗa layin gabas gaba ɗaya da sabon faɗin, har Kumasi. In za a yi shi don fasinjan cikin gari, dole a yi layi biyu aƙalla daga Kantamanto zuwa Amasaman, a ɗaga shi sama da ruwan Odaw, a raba shi da tituna. Layi biyu kuwa na son fili fiye da wanda ake da shi yanzu, filin da ke ƙarƙashin ɗakuna da rumfunan Avenor da Alajo da Dome, kuma kuɗin sallamar mazauna wurin da samar musu inda za su koma sai ya shiga cikin kasafin aikin tun kafin a sayi ƙarfe ɗaya.